Shin PlayStation ko Xbox za su iya zama na'urar kallon fim mai tsabtar hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi talabijin inci 55 mai 4K, kuma ina da tsohuwar PS3 da aka kawo min daga Amurka. Ƙanina yana son ya sayar min da PS4 ɗinsa. Ni ba wasa ne ya dame ni ba, fim nake son kallo da hoto garau. Ina da faifan finafinan Indiya da na Hausa da na tara tun da can, da wasu a filashi, gidana kuma inbata muke amfani da ita. Waɗannan na'urorin za su yi, ko in tara kuɗi in sayi PS5 ko Xbox, ko kuwa in nemi na'urar Blu-ray daban?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za su yi. Idan faifan Blu-ray na asali ka saka wa PS3 ɗin nan da ke hannunka, hoton da za ta ba ka bai gaza na na'urar da aka ƙera don kallo kaɗai ba. Amma kada ka fitar da ko sisi tukuna. Fara duba ta wace hanya fim yake shigowa gidanka: faifai ne, filashi ne, ko intanet. Na'urar wasa gwana ce a faifai, tana ɗingishi a filashi, a intanet kuwa tana aiki lafiya amma tana shan wutar da ta fi ƙarfin aikin. Yawancin masu ƙorafi sun haɗa hanyoyin nan uku ne wuri ɗaya, suka yi wa na'urar hukunci guda.

Ba haka kawai aka wayi gari na'urar wasa tana karanta faifan fim ba, da gangan Sony ta shirya hakan. Tun PS2 da ta fito a shekarar 2000, gidaje da yawa a Japan ita ce na'urar DVD ta farko da suka mallaka. Da aka zo 2006 sai rigima ta kaure tsakanin faifai iri biyu masu neman gadon DVD: Blu-ray da Sony ke jagoranta, da HD DVD na Toshiba. Na'urar Blu-ray ta farko da Samsung ta fitar a Amurka a tsakiyar shekarar, dala 999 aka sa mata. A watan Nuwamba PS3 ta shigo a dala 499 da dala 599, da Blu-ray a cikinta. Wato wanda ko sau ɗaya ba zai taɓa wasa ba, ya fi masa sauƙi ya sayi PS3 ya kalli fim. Microsoft ta mara wa Toshiba baya, ta fitar da wani akwatin HD DVD da ake jonawa a Xbox 360 a kan dala 199, amma ka ga wannan sai mutum ya yi niyya ya saya daban, alhali duk wanda ya ɗauki PS3 ya shigo da Blu-ray gida ko ya so ko bai so ba. A watan Janairun 2008 kamfanin Warner Bros. ya ce Blu-ray kaɗai zai riƙa bugawa, ranar 19 ga Fabrairu Toshiba ta miƙa wuya. In ka ci karo da wancan akwatin na Xbox 360 a wurin masu kayan gwanjo, ka bar musu kayansu, ba ya karanta Blu-ray. Ita kanta Xbox 360 a DVD ta tsaya, na'urorin Nintendo kuwa, Wii da Switch, ba ruwansu da faifan fim.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, tsabtar hoto tana cikin abin da ka saka wa na'urar. VCD, irin wanda aka daɗe ana buga finafinan Hausa a kai, hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. DVD na tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, 720 da 576. Blu-ray 1920 da 1080, ɗigo miliyan 2 da ɗoriya ke nan, ninki 5 na DVD. 4K kuma 3840 da 2160, ninki 4 na Blu-ray. Dalilin da Blu-ray ke ɗaukar wannan kaya shi ne hasken da ke karanta shi shuɗi ne mai siririn tsini, nanomita 405, na DVD kuwa ja ne mai 650, don haka ana iya matse rubutu sosai a faifai mai girma ɗaya. DVD na ɗaukar GB 4.7 ko 8.5, Blu-ray 25 ko 50, faifan 4K har 100. PS3 tana iya buɗe hoton DVD ya cika allon 1080, tun wani sabuntawa da aka yi mata a 2007, kuma tana yin aikin da kyau. Sai dai kamar ƙara ruwa ne a miya, kwano zai cika amma naman bai ƙaru ba. Tsohon faifanka zai fito da ɗan santsi, ba zai zama Blu-ray ba.

Ba yawan ɗigon kaɗai ake dubawa ba, akwai yawan bayanan da ake zubawa a kowace daƙiƙa. Faifan Blu-ray yana iya kaiwa megabit 40 a daƙiƙa a hoto kaɗai. Netflix kuwa megabit 5 take nema a layinka don 1080, 15 don 4K. Fayil ɗin da aka tura maka a filashi, aka rubuta masa 1080 amma nauyinsa bai kai GB 2 ba na fim ɗin awa biyu, kusan megabit 2 ke nan. Inda za ka gane bambancin shi ne wurin duhu. Ka nemi fitowar da aka ɗauka da dare, ko wadda hayaƙi ko ruwan sama ya cika, ka matso kusa da allon. A faifai duhun zai sauka a hankali daga toka-toka zuwa baƙi. A matsattsen fayil za ka ga duhun ya kasu layi-layi, da wasu murabba'ai suna motsi a bango. Babu PS5 ɗin da za ta gyara wannan, domin tun wurin matse fayil ɗin aka zubar da bayanan.

To mu zo kan PS3 ɗinka. Abu na farko, waya. Na sha shiga gida in tarar da babban talabijin an jona masa PS3 da wayar nan mai baki uku, rawaya da fari da ja, maigidan yana cewa ai bai ga wani HD ba. Wannan waya ba ta wuce tsabtar DVD ko me ka saka. HDMI za ka sa, kuma ba sai mai tsada ba, domin a tsawon mita biyu ko uku waya mai lafiya hoto ɗaya take kaiwa da ta dubun dubata. Idan ka canza waya allon ya yi baƙi ƙirin, kashe na'urar, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, za ta sake neman talabijin ɗin da kanta.

Daga nan ka shiga saitin bidiyo. Inda aka rubuta BD 1080p 24 Hz Output, ka bar shi a Automatic. Ana ɗaukar fim ne hoto 24 a daƙiƙa, idan kuma aka tilasta shi ya koma 60, sai a riƙa maimaita wani hoton sau uku, wani sau biyu, shi ya sa kake ganin ɗan tsalle-tsalle idan kyamara tana juyawa a hankali. Sai RGB Full Range, ka bar shi a Limited. Mutane suna ganin Full sai su ɗauka ya fi, amma shi fim ana shirya haskensa ne daga mataki na 16 zuwa 235, ba daga 0 zuwa 255 irin na kwamfuta ba. In na'urar ta aika ɗaya talabijin yana jiran ɗayan, ko dai baƙi ya haɗiye komai har ba ka ganin aljihun baƙar riga, ko kuma hoton ya yi fari-fari kamar an wanke shi. A jikin talabijin ɗin ma akwai aiki. Fitar da shi daga Game ko Vivid ka kai shi Cinema ko Movie, ko Filmmaker Mode in yana da shi, ka kashe abin da ke ƙara wa motsi santsi. LG na kiran sa TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony kuma Motionflow. Shi ne ke mayar da fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi ya koma kamar bidiyon biki. Na san akwai masu son sa haka, ba zan yi faɗa da su ba, amma ba haka masu fim ɗin suka ɗauka ba.

Yanzu ga inda Amurka za ta ba ka ciwon kai. Wasannin PS3 kusan duk suna aiki a ko'ina, amma faifan fim an raba masa duniya shiyya-shiyya, kuma na'urar tana kulle a shiyyar ƙasar da aka ƙera ta dominta. Blu-ray shiyya uku ce: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma Indiya da Sin da Rasha. DVD shiyya shida ce: Amurka 1, Turai da Japan da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya 2, mu da Indiya da Rasha muna 5. Taka A ce a Blu-ray, 1 a DVD. Saboda haka idan wani ya riƙo maka faifai daga Landan ko Dubai kuma an kulle shi a B, za ta ƙi shi, babu kuma wani saiti da zai canza mata ra'ayi. Juya bayan kwalin faifan kafin ka biya. Idan ka ga haruffan A da B da C tare, ko babu harafi sam, to galibi a buɗe yake, kuma da yawa daga faifan Indiya haka ake buga su saboda 'yan ƙasar da ke zaune a waje. Wanda bai san daga ina tasa ta fito ba ya duba lambar da ke manne a bayanta. A PS3, wadda alƙalumanta suka ƙare da 01, kamar CECH-2001A, ta Amurka ce, 00 ta Japan, 03 ta Ingila, 04 ta sauran Turai da yankinmu. A PS4 da PS5, 15 a ƙarshen lambar Amurka ce, 16 Turai.

Akwai wani tarkon bayan wannan. PS3 ta Amurka ba ta karɓar DVD na tsarin PAL, ko da ba a kulle shi a wata shiyya ba, ta Turai kuwa tana karɓar PAL da NTSC, tsarin Amurka, duka. Wannan zai iya shafar faifan da aka buga a gida. VCD kuma babu PlayStation ɗin da za ka samu a kasuwarmu da ke karanta shi, PS4 da PS5 ma ko CD na waƙa ko na karatu ba sa karɓa. Don haka tsofaffin faifan Hausa da ka tara, ka bar musu ƙaramar na'urar DVD irin ta kasuwa, wadda ba ta tambayar faifai daga wace ƙasa ya zo. Ita ce daidai da su, kuma wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba.

Wani abu da ba kowa ke faɗa ba: faifan Blu-ray yana da makulli da ake kira AACS, kuma ana sabunta mabuɗinsa lokaci zuwa lokaci. Sabon faifai zai iya ƙin tashi har sai ka sabunta manhajar PS3, wanda shi ne babban dalilin da Sony ta ci gaba da sakin ƙananan sabuntawa shekaru da yawa bayan ta daina ƙera ta. In taka irin wadda aka yi wa kutse ce aka loda mata wasanni a ciki, kamar yadda aka saba a gidajen gem, sabuntawar za ta iya rufe wannan ƙofa, sai ka zaɓi ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka fara sabuntawa a kan wutar da ba ka amince da ita ba. In aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Filashi kuwa, nan ne PS3 ta tsufa. Filashin da aka tsara da FAT32 kaɗai take gani, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce GB 4, wanda ke nufin duk fim mai nauyin kirki ba zai ma shiga ba. Tana karanta MP4 da AVI da M2TS, amma ba ta san nau'in fayil na MKV ba, alhali yawancin finafinai masu tsabta a MKV suke yawo. Ba ta ɗaukar fassarar da ta zo a fayil daban na SRT, abin da mai kallon fim ɗin Indiya zai ji a jikinsa. In ka saka filashi ta ce babu komai a ciki, ba lalacewa ya yi ba: ko dai ka zuba finafinan a jaka mai suna VIDEO da manyan haruffa, ko ka danna maɓallin alwatika ka zaɓi Display All. Sannan akwai Cinavia, wata alama da ake ɓoyewa cikin sautin wasu finafinai. Idan kwafi ne ba na asali ba, bayan kamar minti 20 sai sauti ya ɗauke, rubutu ya fito a allo. Mutane kan ɗauki na'urar su kai wa mai gyara a kan wannan, alhali lafiyarta ƙalau, abin da aka umarce ta take yi.

PS4 ta ɗan fi ta a nan. Manhajar Media Player da aka sakar mata a 2015 tana karanta MKV, tana ganin exFAT wanda ba shi da iyakar GB 4, in dai ka sa fayilolin cikin jaka. Amma MKV mazubi ne kawai, abin da ke ciki shi ne magana. Tana son hoto na H.264 da sauti na AAC ko AC-3 ko MP3. Fayilolin zamani da ake rubuta wa x265 ko HEVC, waɗanda masu turi suka fi so saboda rashin nauyi, ba za ta buɗe su ba, in kuma sautin DTS ne za ka iya samun hoto babu murya. PS5 ma ba ta yi wani nisa ba a wannan fanni. Xbox ce ta fi su sakin jiki: tana ganin NTFS, tana karanta HEVC, kuma za ka iya sauke manhajojin kallo irin Kodi ko VLC daga shagonta. Amma tsaya, kafin wannan ya ja ka zuwa kasuwa, juya bayan talabijin ɗinka. Talabijin mai 4K na zamani yana da ramin USB, kuma an gina shi da sanin HEVC domin da shi manhajoji da yawa ke aiko 4K ta intanet. Soka filashin a can kai tsaye. Sau da yawa abin da ya gagari PS4 shi zai buɗe shi ba gardama, ba tare da ka kunna wata na'ura ta biyu ba.

Game da tayin ƙaninka: in don faifai ne, PS4 ba za ta ƙara maka ko ɗigo ɗaya a kan PS3 ba. Blu-ray na 1080 take karantawa, kuma ko PS4 Pro da ta fito a 2016 da sunan 4K ba ta karanta faifan 4K, abin da ya ba mutane da yawa mamaki daga kamfanin da ya yi yaƙin Blu-ray. Tana kuma bukatar a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara karanta faifan fim. Ribarta biyu ce: manhajojin kallo ta intanet suna aiki a kanta, yayin da da yawa suka janye daga PS3, sannan in tasa ta Turai ce, ka sami shiyyar B, ka haɗa da A da kake da ita. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga mai tara faifai.

Masu karanta faifan 4K su ne Xbox One S ta 2016, Xbox One X ta 2017, sai Xbox Series X da PS5 na 2020. A kula, ba kowace ba ce ke da ramin faifai. Xbox Series S ba ta da shi, haka One S All-Digital, haka PS5 Digital Edition, PS5 Pro ta 2024 ma daban ake sayen nata, kuma irin wanda ake jonawar sai an haɗa shi da intanet a karon farko. Daɗin faifan 4K shi ne ba a raba masa shiyya ba, na ko'ina yana aiki a ko'ina. Idan ka ga dole sai ka taɓa 4K a faifai da kuɗi kaɗan, Xbox One S ta hannu ita ce ƙofar da ta fi araha, sai ka sauke mata manhajar Blu-ray Player kyauta. Za ka bukaci wayar HDMI mai ɗaukar gigabit 18, kuma ka buɗe wa ramin da ka jona cikakken ƙarfinsa a saitin talabijin, domin da yawa a rufe suke zuwa: Ultra HD Deep Color a LG, Input Signal Plus ko HDMI UHD Color a Samsung, Enhanced format a Sony.

Sai dai in gaya maka gaskiya, a inci 55, in kujerarka ta kai mita uku daga allon, idonka ba zai raba ɗigon 4K da na 1080 ba. Ido mai lafiya yana gama cin amfanin 1080 ne a wajen mita biyu da 'yan kai a wannan girman, kafin 4K ya nuna kansa sai ka matso fiye da haka. Abin da ake gani daga nesa shi ne HDR, wato faɗin da ke tsakanin haske da duhu da yalwar launi, shi ma sai talabijin ɗin yana da hasken da zai iya nunawa. Masu araha da yawa suna karɓar HDR a rubuce, amma hoton sai ya fito dishi-dishi, har na 1080 ya fi shi daɗin kallo. A nan ne kuma na'urorin wasa suke da gibi: HDR10, wato HDR na gama-gari, kaɗai suke fitarwa daga faifai. PS5 ba ta da Dolby Vision, wani nau'in HDR na daban, sam, Xbox Series X tana da shi a wasa da manhajojin intanet amma ban da faifai. Mai son wannan sai ya nemi irin Panasonic DP-UB820 ko Sony UBP-X700. In talabijin ɗinka Samsung ne ma maganar ba ta taso ba, domin su ba sa sa Dolby Vision. Su kansu waɗannan na'urori sun fara ƙaranci, Oppo ta daina ƙera su a 2018, Samsung ta bi baya a 2019, shi ya sa na'urar wasa ta sake zama hanyar da mutane da yawa ke kallon faifai.

Sauti ba zan daɗe a kansa ba. In lasifikar talabijin kake ji, babu abin da za ka taɓa. In kana da amfilifaya ko dogon lasifikar nan ta ƙarƙashin allo, PS3 ta farko, mai ƙiba, tana warware sautin faifai na Dolby TrueHD da DTS-HD da kanta ta aika a matsayin Linear PCM, wato warwararren sauti, siririyar da ta fito a 2009 kuma tana iya miƙa su yadda suke. A PS5, sai faifan yana tafiya za ka danna Options ka mayar da sautin Bitstream, wato ta miƙa shi yadda yake, in ba haka ba sautin Dolby Atmos mai zagaye ɗaki ba zai isa ba.

Sarrafawa ma akwai ɗan haushi. Hannun wasa ba a yi shi don kallo ba: ka ajiye shi a kan kujera, maɓallin baya ya dannu, fim ya zabura gaba a daidai inda ake tsaka da magana. PS3 ba ta jin rimot na gama-gari domin da Bluetooth nata yake aiki. Mafita ita ce ka kunna Control for HDMI a PS3 siririya, ko HDMI Device Link a PS4 da PS5, ka kunna takwaransa a talabijin, Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, sai rimot ɗin talabijin ya riƙa tuƙa su duka. Mai ƙibar ba ta da wannan.

Tunda ka ambaci inbata, nan ne hukuncin zai fi tsanani. PS3 ta farko, mai ƙibar, tana jan wat 170 zuwa 200 ko da fim kawai take nunawa, domin babbar ƙwaƙwalwarta ce ke aikin gaba ɗaya. Siririyar tana jan kusan rabin haka. Na'urar Blu-ray zalla ba ta cika kaiwa wat 20 ba, 'yar na'urar nan mai kama da filashi da ake sokawa a HDMI don kallo ta intanet kuwa ba ta wuce wat 5 ba. Yi lissafi da kanka. Fim ɗin Indiya na awa uku a wat 180 ya ci wat-awa 540, ban da talabijin. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana da 1,200 a rubuce, in kuma irin na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Fim ɗaya ya kusa cinye rabon daren, fanka da fitila ba su samu ba. Saboda haka kunna PS4 ko PS5 don kallon YouTube ko Netflix, alhali talabijin ɗin yana da manhajojin a cikinsa, asarar wuta ce tsagwaronta. Ga kuma data: Netflix da kanta ta ce awa ɗaya na iya cin GB 3 a HD, har 7 a 4K.

Ka kuma karanta takardar wuta da ke jikin duk abin da ya fito daga Amurka kafin ka soka. PS4 da PS5 da Xbox One S zuwa sama suna karɓar bolt 100 zuwa 240, amma tubalin wutar Xbox 360 da na Xbox One ta farko na ƙasa ɗaya ne, na Amurka in ya sha 230 ɗinmu nan take zai ƙone. Zafi da ƙura su ne sauran abokan gaba. Kada ka kulle ta cikin durowar gilashi, ka bar mata sarari a baya da gefe, kada ka ajiye ta a kan kafet, lokacin hunturu kuma ka rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki. Mai ƙibar ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa da rawayar fitila, kuma tun kafin nan fankarta za ta fara ihu har ta danne maganar 'yan fim. Idon da ke karanta faifai ma yana gajiya. In ya mutu, ka ce wa mai gyara ido kaɗai zai canza, ko ya mayar da ƙaramin allon tsohon a jikin sabon, domin an ɗaure wannan allon da uwar na'urar, na wata ba zai yi aiki ba.

Ga abin da zan yi a matsayinka. PS3 ta zauna don Blu-ray na shiyyar A da waɗanda ba a kulle ba, a ranar da akwai wutar gwamnati in mai ƙiba ce. Filashi da intanet su koma jikin talabijin. Tsofaffin VCD da DVD su tafi wurin ƙaramar na'urar kasuwa. PS4 ta ƙaninka, ka saya in kana son wasa ko in ta Turai ce kuma farashin 'yan'uwantaka ya yi maka. PS5 ko Series X kuwa sai in yara ko kai kanka za ku yi wasa da ita, sannan faifan 4K ya zo a matsayin gyara. Duk wadda za ka saya ta hannu, ka tafi da faifai biyu a aljihu, Blu-ray ɗaya da DVD ɗaya, domin hasken da ke karanta su daban-daban ne, ɗaya yana iya mutuwa ɗayan yana aiki. Mai sayarwa zai nuna maka wasan da ke cikin na'urar yana gudu, wannan bai gwada idon ba ko kaɗan. Sa faifanka, ka tsallaka zuwa kusan ƙarshen fim inda ake karanta shimfiɗar rubutu ta biyu da ke cikin faifan, ka bar shi ya yi minti goma kana sauraron fanka, sannan ku yi ciniki.